Bayajidda: Labarin da kowa ya haddace amma har yanzu yake jiran marubutansa

A cikin birnin Daura akwai wata tsohuwar rijiya da aka gina wa ɗaki aka killace ta. Sunanta Kusugu. Ɗaliban makarantu kan zo ziyara mota-mota, manyan baƙin masarauta ma akan kai su su leƙa, wasu har su sha ruwan ko su ɗura a gora su tafi da shi gida.

Labarin da ya sa ake wannan tururuwa gajere ne, kuma da wuya a samu wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa bai ji shi ba: baƙo ya zo daga gabas, ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa, ya auri sarauniya, jikokinsa suka kafa Hausa Bakwai.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa. Labarin ya koma amsar jarrabawa, layi huɗu ko biyar da ake haddacewa a rubuta a wuce. Idan kuma aka tayar da zancensa a rediyo ko a shafukan sada zumunta, tambaya ɗaya ce ke cinye lokacin: gaskiya ne ko tatsuniya?

Akwai ƙasar da ta bi wata hanya dabam da nata tsofaffin labaran, kuma ƙasa ce da Hausawa suka daɗe suna kallon finafinanta. A Indiya, marubuta sun shafe fiye da shekara 1,500 suna ɗebo wasannin kwaikwayo da waƙoƙi daga manyan labaransu biyu, Mahabharata da Ramayana. Sun ƙara, sun rage, wani lokaci ma sun sauya ƙarshen labarin ɗungurungum. Duba yadda suka yi zai iya nuna irin dukiyar da ke kwance a Daura ba a taɓa ta sosai ba.

Abin da ke cikin labarin idan aka bi shi a hankali

Ruwayar da ta fi shahara ta ce Bayajidda, wanda ake kuma kira Abu Yazid, ɗan Sarkin Bagadaza Abdullahi ne. Ya baro gida da rundunarsa bayan wani saɓani, ya sauka a Borno. Mai na Borno ya aura masa 'yarsa Magira, amma a hankali ya riƙa janye masa mayaƙansa har ya bar shi kusan shi kaɗai. Da ya gane ana shirin halaka shi, sai ya gudu da matarsa tana da juna biyu.

A Garun Gabas, kusa da Haɗeja, tafiya ta gagari Magira. Ya bar ta a can, ta haifi ɗa, Biram. Shi kuwa ya yi gaba zuwa Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, daga nan ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana.

Ya nemi ruwa. Ayana ta ce masa ba a samun ruwa a garin sai ranar Juma'a, saboda macijiyar da ke cikin rijiya, wadda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijiyar, ya ɗebo ruwa ya dawo ya kwanta. Da gari ya waye aka ga gawar a bakin rijiya. A wasu ruwayoyin, Galadima ya kasa matsawa kusa, Kaura ne ya yi ta maza ya taɓa ta ya tabbatar ta mutu. Sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, mutane da dama suka fito suna iƙirari, amma ba wanda ya iya kawo kan. Sai Ayana ta tuna da baƙonta.

Bayajidda bai karɓi rabin gari ba, aure ya nema. Sai dai ruwayoyi da dama sun ce al'adar sarautar ta hana sarauniya kusantar namiji, don haka ta ba shi ƙwarƙwara, Bagwariya. Bagwariya ta haifi ɗa ta sa masa suna Karɓagari. Sunan ya tayar wa sarauniya da hankali, daga baya ita ma ta haihu, ta kira nata ɗan Bawo, wanda ake fassarawa da neman a mayar da garin ga masu shi. 'Ya'yan Bawo shida ne suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Idan aka haɗa da Biram, bakwai ke nan.

Duk wanda ya saba kallon fim zai ga abin da ke nan. Ga matar da ta bar gidan ubanta sarki ta bi miji, aka bar ta da ciki a garin da ba ta san kowa ba, labarin kuma bai sake waiwayarta ba. Ga kishiyoyi biyu suna yaƙi da sunayen jarirai, abin da har gobe ake yi a gidajen Hausawa da habaici da zanen suna. Ga sarauniyar da ta gaji mulkin mata, a hannunta kuma mulkin ya koma na maza. Ga tsohuwar da ta san gaskiya tana kallon manyan gari suna ƙarya a gaban fada. Kowanne daga cikinsu ya isa wasa guda.

Yadda Kalidasa ya gyara sarkin da ya yi butulci

Mahabharata doguwar waƙa ce mai baiti kusan 100,000, wadda ake danganta wa wani malami mai suna Vyasa. Ginshiƙinta shi ne rikicin gadon sarauta tsakanin 'yan uwa, Pandawa da Kaurawa, wanda ya ƙare da yaƙin kwana 18. Ramayana kuwa, mai baiti kusan 24,000, ta Valmiki ce, tana ba da labarin yarima Rama da aka kora daji da matarsa Sita da aka sace. Duka biyun da harshen Sanskirit aka tsara su, tsohon harshen malamai da fada a Indiya, kuma mabiya addinin Hindu na girmama su ƙwarai.

A farkon Mahabharata akwai wani ɗan gajeren labari. Sarki Dushyanta ya fita farauta, ya haɗu da wata yarinya mai suna Shakuntala da ta tashi a hannun wani mai ibada a daji. Ya aure ta, ya koma birni. Bayan shekaru ta zo fada da ɗansu, sarki ya ce bai san ta ba. Ta tsaya ta faɗa masa magana son ranta a gaban jama'a, har sai da wata murya daga sama ta gaskata ta. Sannan ya amsa cewa ya gane ta tun farko, tsoron bakin mutane ne ya hana shi karɓarta.

Yaron nan shi ne Bharata, wanda al'adar Indiya ke ɗauka kakan manyan sarakunanta, kuma da yawa na danganta sunan ƙasar a harsunansu, Bharat, da shi. Wato matsayinsa a can ya yi kama da na Bawo a nan.

Kalidasa, wanda masana suka fi sanya zamaninsa wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 Miladiyya, ya ɗauki wannan labari ya mayar da shi wasan kwaikwayo mai kashi bakwai. Matsalarsa ita ce sarkin asali ba abin so ba ne. Sai ya ƙirƙiro abubuwa biyu da babu su a tushe. Na farko, wani malami mai saurin fushi, Durvasa, ya zo baƙunta, Shakuntala tana can cikin tunanin mijinta ba ta kula shi ba, sai ya yi mata baki cewa wanda take tunani zai manta da ita har sai ya ga wata alama. Na biyu, zoben da sarki ya ba ta. A hanyar zuwa fada zoben ya suɓuce ya faɗa kogi, kifi ya haɗiye. Ta isa gaban sarki ba ta da shaida, shi kuma da gaske ya manta. Sai daga baya wani masunci ya tsinci zoben a cikin kifi, dogarai suka kama shi da zargin sata, zobe ya isa hannun sarki, tunaninsa ya dawo lokacin da matar ta riga ta ɓace.

Da zobe ɗaya da baki ɗaya, labarin butulci ya zama labarin mantuwa da nadama. Akwai masu sukar Kalidasa a yau cewa ya wanke sarki, ya kuma mayar da mace mai baki da ƙarfin hali ta zama mai kuka kawai, kuma sukar tana da tushe. Amma wasan ne ya fitar da labarin duniya. William Jones ya fassara shi zuwa Turanci a 1789, bayan shekara biyu aka yi na Jamusanci, babban marubucin Jamus Goethe ya yaba masa matuƙa. A 1943 darakta V. Shantaram ya mayar da shi fim.

Ba Kalidasa kaɗai ba ne. Akwai Bhasa, wanda an daɗe ana jin sunansa a bakin magabata ba a ga aikinsa ba, sai a farkon ƙarni na 20 wani malami, Ganapati Sastri, ya gano wasanni 13 rubuce a ganyen giginya a yankin Kerala, ya fara buga su a 1912. A ɗaya daga cikinsu, Urubhanga, Bhasa ya ɗauki Duryodhana, mugun labarin Mahabharata, ya nuna shi kwance da karyayyun cinyoyi yana bankwana da iyayensa da ƙaramin ɗansa, har mai kallo ya tausaya masa. A wani kuma, Pancharatra, ya sa an raba mulkin cikin lalama, babban yaƙin bai ma auku ba.

Bhavabhuti, a ƙarni na 8, ya yi wa Ramayana irin wannan. A wurin Valmiki, Sita da aka zarga ba da laifinta ba ta roƙi ƙasa ta tsage ta shige, rabuwarta da Rama ke nan har abada. Bhavabhuti bai yarda ba. A wasansa Uttararamacharita ya sake haɗa su a ƙarshe. Mawaƙa kuma irin su Bharavi da Magha kowanne ya ɗauki aukuwa ɗaya tak daga Mahabharata ya shimfiɗa ta ta zama littafin waƙa guda.

Wani abin da zai ba Bahaushe sha'awa: a waɗannan wasanni ba kowa ke magana da harshe ɗaya ba. Sarakuna da malamai na yin Sanskirit, mata da bayi da talakawa kuma na yin harsunan gama-gari da ake kira Prakrit. Wanda zai rubuta wasan Bayajidda yana da irin wannan dama a hannu, tunda ana fassara sunan jarumin da cewa "ba ya ji da", wato mutumin da ya iso bai iya harshen gari ba. Yaya ya roƙi Ayana ruwa? Wa ya yi tafinta a gaban sarauniya?

Zaren ya riga ya iso nan

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da Sanskirit. Amsar tana cikin littafin da ya fi kowanne shahara a adabin Hausa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya tashi ya yi karatu a Katsina, ya fara fitowa a 1937. Akun da ke ba da labari dare bayan dare don ya hana yarima Musa fita, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun nuna salsalarsa na komawa ga wani littafin Sanskirit mai suna Shukasaptati, labarai saba'in na aku, wanda ya ratso ta Farisanci. A can, matar aure ce akun ke hanawa fita wurin masoyinta. Imam ya cire wannan, ya kawo fada da waziri da yaƙi, ya sa wa komai rigar Hausa har ba a ganin ɗinki.

Ta fuskar fim ma haka ne. Tun shekarun 1950 ake nuna finafinan Indiya a gidajen silima na Arewa. Da yawa daga cikin labaran da aka sha kallo jikokin waɗancan tsofaffin waƙoƙi ne, ko da mai kallo bai sani ba. Hum Saath-Saath Hain na 1999, inda uwa ta sa aka nesanta babban ɗan gida saboda dukiya, ƙanensa kuma ya ƙi hawa kujerarsa, Ramayana ce aka sa wa kayan zamani. Thalapathi na 1991 da Raajneeti na 2010 daga Mahabharata aka ciro su. A Indiya kanta, shirin talabijin na Ramayan da aka fara a 1987 da na Mahabharat da ya biyo baya a 1988 sun riƙa kwashe mutane daga tituna a safiyar Lahadi.

Abin mamakin shi ne Kannywood, wadda aka daɗe ana zargi da kwaikwayon Indiya a rawa da waƙa da soyayya, ba ta kwaikwayi wannan ɗabi'a ta komawa ga tsohon labarin gida a riƙa jujjuya shi ba. Ba wai ba a taɓa gwadawa ba. 'Yan makaranta na yin wasan kashe macijiya a ranakun al'adu, an kuma yi littattafan yara masu zane. Amma babu wani aiki a kan Bayajidda da ya zauna a bakin jama'a kamar yadda Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zauna, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan dandamali, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Me ya riƙe hannun marubuta?

Dalili na farko shi ne labarin ya faɗa hannun masana tarihi kafin ya faɗa hannun masu ƙirƙira, kuma sun yi ta fafatawa a kansa fiye da ƙarni guda.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wata ruwaya da ta bambanta da ta Daura, inda Bawo ya fito a matsayin bawan Sarkin Borno. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa ƙasar Hausa a shekarun 1850, ya rubuta wata. Jami'an mulkin mallaka E.J. Arnett a 1910 da H.R. Palmer a 1928 sun buga fassarar rubuce-rubucen Daura. Palmer, sannan W.K.R. Hallam a 1966, sun yi ƙoƙarin haɗa Bayajidda da Abu Yazid, wani ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya yaƙi daular Faɗimiyya aka kashe shi a shekarar 947.

A 1970 Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi watsi da ra'ayin cewa wani baƙo ne ya kawo wa Hausawa tsarin mulki. Ya ce birane da sarautu sun tsiro ne a hankali daga noma da ƙira da kasuwanci da ƙaura a cikin ƙasar kanta. Ɗalibansa, ciki har da Dokta Yusufu Bala Usman, suka ɗora a kai. Wani abin lura, babbar kwalejin jiha da ke Daura sunan Bala Usman take ɗauke da shi.

Hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma labarin da kansa yana goya musu baya. Bayajidda ya tarar da maƙera a Gaya, ya tarar da gari da sarauniya da Galadima da Kaura a Daura. Littafin Tarihin Kano ma ya nuna Bagauda ya samu mutanen Barbushe zaune a gindin Dala. Don haka labarin bai taɓa cewa daga Bagadaza Hausawa suka fito ba. Magana yake a kan gidajen sarauta da dangantakar da ke tsakaninsu.

Sai dai wannan nasara ta masana ta bar wani tabo. Matasa masu ilimi da yawa sun ɗauka cewa tunda ba a tabbatar da labarin ba, ba shi da sauran amfani. Marubucin wasa kuwa ba alƙali ba ne. Babu wanda ya tono zoben Shakuntala, kuma rashin tono shi bai rage wa wasan komai ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi. A Daura labarin ba abin da ya wuce ba ne, tushen sarauta ne mai rai. Lokacin jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi garin, sarakunan Haɓe suka fice, zuriyarsu ta ci gaba da riƙe sarauta a wurare irin su Zango da Ɓaure. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka dawo da Malam Musa daga wannan tsohon gida kan gadon Daura, abin da ba a yi a Kano ko Katsina ko Zazzau ba. M.G. Smith ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1978 a kan Daura. Daga Musa sai Abdurrahman, sai Muhammadu Bashar daga 1966, sai Alhaji Faruk Umar Faruk daga 2007. Gidan da ke mulki yana lissafa kansa daga Bawo, kuma a fada ake ajiye da makamin da aka ce da shi aka kashe macijiyar. Marubucin da zai nuna Bayajidda a matsayin mijin da ya yasar da mace mai ciki a hanya, kakan masu gari yake taɓawa.

Na uku shi ne Banza Bakwai. Ruwayar ta ce zuriyar Karɓagari, ɗan ƙwarƙwara, su ne suka kafa Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari da Kwararrafa da ƙasar Yarabawa. Ba Bazamfare ko Bakabe ko Banufen da zai ji daɗin wannan laƙabi, kuma waɗannan al'ummomi suna da nasu tarihin da bai san da Karɓagari ba. A wannan zamani da gardamar asali da ƙabila ke ƙara zafi a intanet, ana iya mayar da kowane fim makami. Amma a nan ne darasin Bhasa ya fi amfani. Shi wanda labari ya kira mugu ya ba wa baki. Wasan da za a ba da shi ta idon Bagwariya, baiwar da aka miƙa wa baƙo ba a tambaye ta ba, ta haifi ɗan fari a gidan, sannan aka kira zuriyarta banza, zai fi kowace muƙala tona rashin adalcin wannan suna.

Akwai kuma batun addini, tunda labarin na zamanin da ake tsoron macijiya a rijiya ne, wasu masana ma na ganin Sarki abin bauta ce a wancan lokaci. Ga tsadar fim ɗin tarihi: dawaki, tufafi, gine-gine. Ga tsoron kuskure. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a Netflix a 2021 ya sha suka a Arewa kan sutura da harshe da yadda aka juya tarihin Zazzau. Sukar ta nuna mutane na kishin labaransu, ta kuma nuna cewa idan masu labari ba su ba da shi ba, wani zai ba da shi yadda ya fahimta.

Kada a ɗauka a Indiya abin lami lafiya yake tafiya. A 2011 Jami'ar Delhi ta cire wata muƙala ta A.K. Ramanujan daga manhajarta, wadda ke bayanin cewa Ramayana iri-iri ce har ɗaruruwa, bayan matsin lambar masu ganin hakan cin fuska ne. Fim ɗin Adipurush na 2023 ya gamu da fushin jama'a har aka sauya wasu kalamansa bayan ya fito. Bambancin kawai shi ne a can rigimar ba ta sa an daina rubutawa ba.

Dandamalin da ke akwai tun tuni

Daura ba baƙuwar wasa da waƙa ba ce. Duk shekara a watan Maulidi ana yin Sallar Gani, da hawan sarki da kaɗe-kaɗen fada da taron masu sarauta, ciki har da Magajiya, sarautar mace da ke tuna zamanin sarauniyoyi. Bajamushen masani Dierk Lange, wanda ya yi bincike a garin, yana ganin bikin kansa maimaita labarin Bayajidda ne a aikace. Ba duka masana suka yarda da sauran ra'ayoyinsa ba, musamman yadda yake kai asalin labarin Gabas ta Tsakiya, amma lurar da ya yi cewa labarin na rayuwa a cikin biki abin dubawa ce. A Kerala, irin wannan riƙo na wuraren ibada da gidajen gado ne ya adana salon wasan Sanskirit da ake kira Kutiyattam, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon ɗan'adam a 2001.

Ta fannin waƙa, fadar Daura ta riƙe manyan mawaƙa. Alhaji Mamman Shata ya yi wa Sarki Muhammadu Bashar waƙa, kusancinsu ya kai a Daura aka binne shi da ya rasu a 1999. Sai dai waƙar fada yabo ce da kirari. Takan ambaci kakanni don ta ɗaga na yau, ba ta zama ta warware labarinsu daki-daki ba. Rubutacciyar waƙar Hausa kuwa, mai ƙafiya da ma'auni, ta nuna tana iya ɗaukar dogon zance, tun daga waƙoƙin masu jihadi har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi. Kayan aikin yin doguwar waƙar Daurama suna nan.

Akwai ma wani abu da ya fi labarin macijiya faɗi. Kalidasa yana da wata waƙa mai babi 19, Raghuvamsha, wadda ya gina a kan jerin sarakunan gidan su Rama, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ba kowanne hali da ƙaddara. Daura na da irin wannan jeri, kuma nata na mata ne. Lissafin da ya fi yawo ya kawo sunaye 17, daga Kufuru, Gino, Yakumo, Yakunya, har zuwa Gizirgizir da Innagari da Daurama, ya ƙare da Shawata.

A wannan lissafi Daurama ce ta tara, wasu takwas sun biyo bayanta, shi ya sa wasu ruwayoyin ke cewa Shawata ce ta auri Bayajidda, ba Daurama ba. Abin da aka fi danganta wa Daurama shi ne taso da hedikwata daga Tsohon Birni zuwa inda Daura take a yau, garin kuma ya ɗauki sunanta. Sauran sarauniyoyin, ban da sunayensu, kusan ba abin da ake faɗa a kansu. Kufan Tsohon Birni, inda aka ce takwas na farko sun yi mulki, yana nan 'yan kilomitoci kaɗan daga garin.